Amaretto ɗin nan na Italiya giya ce ko biskit ne? Dan Allah masu sani ku fitar da ni daga duhu

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Dan Allah ina da tambaya musamman ga 'yan uwanmu mazauna Turai. Ni sana'ar kek nake yi a gida nan Kaduna, to akwai wata kwastomata da ta turo min hoton wani kek da ta ci a wajen biki, tace sunansa kek ɗin amaretto kuma irinsa take so in yi mata na walimar ƙanwarta sati mai zuwa. Na shiga YouTube na kalli bidiyo ya fi biyar, kowa sai ya ɗauko wata kwalba mai kusurwa huɗu da faffaɗan murfi ya tsiyaya wani ruwa kalar zuma a cikin kwaɓin, ni dai jikina bai ba ni ba. Abin da ya ƙara ɗaga min hankali shi ne bara ƙanin maigidana da yake Italiya ya kawo mana tsarabar wani biskit a jan gwangwani an rubuta amaretti a jiki, biyu biyu a naɗe cikin 'yar takarda, muka cinye tas ni da yara, har Hajiya surukata ta ci da shayi tana ta santi. To yanzu amaretto ɗin nan giya ce? In giya ce biskit ɗin da muka ci fa? Wlh tun jiya na kasa sukuni.

Abu_Yasir:
Wa alaikumussalam. Giya ce Hajiya, kar ki ko kusance ta.

Baban_Brescia:
Wa alaikumussalam ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki tukuna, abu biyu ne kika haɗa. Shekarata goma sha tara a Lombardiya, wani yanki a arewacin Italiya, kuma garin da ake yin duka biyun wato Saronno ba shi da nisa da Milan, jirgin ƙasan da ke zuwa filin jirgin Malpensa ma yana tsayawa a can. Na kwalba sunansa amaretto, wannan kam giya ce babu tantama, wadda kika gani mai kusurwa huɗun Disaronno ce, barasar da ke cikinta kashi 28 cikin 100 ne, ki kwatanta da giyar kwalba da ake sayarwa a gari da ba ta cika wuce kashi 5 ba. Na gwangwani kuma amaretti, biskit ne kawai, abu uku ake yinsa da su: sukari, farin ƙwai, da ƙwayar cikin ƙwallon wani ɗan itace da Larabawa ke cewa mishmish. Ba a zuba masa giya. Ni kaina ina sayen shi ina kai tsaraba gida. Asalin kalmar amaro ce, ma'anarta mai ɗaci, amaretto kuma mai ɗan ɗaci-ɗaci, amaretti jam'insa ne, shi ya sa sunan ya zo ɗaya.

Maman_Ilham:
Alhamdulillah! Allah ya saka da alheri Baba, wlh kamar ka sauke min dutse daga ka.

Ummu_Sudais:
Ni fa ban yarda ba. Ta yaya abu zai ci sunan giya kuma ace babu giya a ciki? Turawan nan ba a shaidarsu, sai su saka su ƙi rubutawa.

Baban_Brescia:
@Ummu_Sudais ai ba biskit ne ya ci sunan giya ba 'yar uwa, kusan ma a ce giyar ce ta bi biskit. Iyalan Lazzaroni masu jan gwangwanin suna da tasu giyar da suka rubuta 1851 a jikin kwalbar, kuma yadda suke yinta shi ne su jiƙa biskit ɗin a cikin barasa ya saki ƙamshinsa. Kin ga biskit ne ke shiga giya, ba giya ke shiga biskit ba. Maganar rubutu kuma doka ce a nan, dole a jera duk abin da aka zuba, har burodin leda da ake fesa wa barasa a sama don kar ya yi funfuna suna rubutawa ƙarara, trattato con alcool etilico, mu da muke nan mun haddace wannan jimlar don kullum sai mun juya leda mun duba. Sai dai ban ce kowane amaretti na kowane kamfani ba, akwai masu laushi da ake cusa wa kirim ko cakulan a ciki, irin waɗannan ki karanta, in kin ga kalmar liquore ko alcool ki ajiye.

Sadiya_Padova:
Gaskiya Baba ya faɗa. Bari in ba ku abin da ya faru da ni shekarar da na zo karatu. Muka je wani gidan abinci da 'yan ajinmu bayan jarabawa, na ci kifi na lafiya lau, aka kawo tiramisu a ɗan kofi, na san dai biskit ne da kofi da wani cuku mai laushi da ake ce wa mascarpone sai garin koko a sama, ban kawo komai a raina ba. Cokali na biyu naji wani ɗumi yana bin maƙogarona da wani ƙamshi kamar na magani, na kira mai kawo abincin na tambaye shi, yace eh sun ɗan zuba amaretto a kofin da ake tsoma biskit ɗin, yana faɗa yana murmushi don a wajensa abin alfahari ne. Wlh a banɗaki na ƙare ina kurkure baki ina kuka. Tun daga ranar kafin a ajiye min duk wani kayan zaƙi sai na ce c'è alcol? wato akwai barasa? Kuma ku sani shi tiramisu ba a dafa shi, a firij ake sa shi ya kwana, duk abin da aka zuba yana nan yadda yake. Wasu gidajen abincin wata giya da ake ce wa Marsala suke zubawa, wasu giyar rum, wasu ba sa zuba komai, sai ka tambaya.

Hafsy_Bakes:
To amma ni abin da aka koya mana a ajin girki shi ne in dai an gasa to barasar tana ƙonewa ta tashi gaba ɗaya, ƙamshin ne kawai ke saura. Kek ai sai ya yi minti 40 a oven.

Pharm_Kabir:
@Hafsy_Bakes wannan maganar ta yaɗu sosai amma ba haka take ba. An auna abin a Amurka, ma'aikatar noma ta can tana da jadawalinsa: abin da aka gasa ko aka dafa na minti 15 kusan kashi 40 na barasar yana nan, na awa ɗaya kashi 25, sai an kai awa biyu da rabi kafin ya sauko kashi 5. Wanda ake kunna wa wuta ya yi bal a kasko ɗin nan da kuke gani a bidiyo ma kashi 75 ke saura. To kek na minti 40 kin ga akwai saura. Balle ma yawancin kek ɗin amaretto bayan an fito da shi ake sake shafa masa giyar da burushi don ya yi danshi, wannan ko wuta bai gani ba.

Hafsy_Bakes:
Innalillahi, ban taɓa sani ba. Na gode Pharm.

Malam_Nura_Zariya:
Bismillah. Game da abin da ke cikin kwalba babu wani saɓani, Annabi (SAW) ya ce duk mai sa maye giya ne kuma duk giya haramun ce, hadisin yana cikin Muslim, sannan ya ce abin da mai yawansa ke sa maye to kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Don haka cokali uku a kwaɓi da kofi guda a hannu hukuncinsu ɗaya tunda da gangan aka ɗauko kwalbar giya aka zuba. Kuma Maman Ilham ki lura ba cin kaɗai ba, sayenta da ajiye ta a kicin da cin kuɗin abin da aka yi da ita duk sun shiga, hadisin mutum goma da aka la'anta a kan giya ya ambaci mai saye da mai sayarwa da mai ɗauka. Biskit kuma in dai kayan haɗinsa su ne waɗanda Baban Brescia ya lissafa to halal ne, suna ba ya haramta abu. Wallahu a'alam.

Danladi_Jos:
Gaisuwa ga kowa. Ni Kirista ne kuma na yi aiki shekara shida a wajen haɗa abin sha a wani otal a Abuja, bari in faɗi abin da na sani don amfanin mai tambaya. Giya ce sosai, kuma abin da ya sa take da haɗari shi ne zaƙinta, ba ta da kaifin wiski, tana da kauri kamar ruwan zuma ga ƙamshi, mutumin da bai saba ba zai sha ya ɗauka lemo ne. Baƙinmu Turawa yawanci bayan cin abinci suke nema, ɗan kaɗan a kan ƙanƙara ko a zuba a kofi mai zafi. Wanda aka fi oda shi ne amaretto sour, ana haɗa ta da ruwan lemon tsami wani lokaci da farin ƙwai a girgiza ya yi kumfa, akwai kuma wanda ake haɗa ta da wiskin Scotland, akwai wanda ake haɗa ta da giyar koñak. Masu kicin kuma kullum suna aiko yaro ya karɓi kaɗan don kayan zaƙi, su zuba a kirim ko a kan ayis kirim. Ni lokacin in na ga baƙo Musulmi ya yi odar kayan zaƙin da na san an zuba sai in faɗa wa mai kai abincin ya sanar da shi, don na san ba zai so ba. Maman Ilham in kwastomarki Musulma ce ki gaya mata gaskiya, mai yiwuwa ita ma ba ta san abin da ta ci a wajen bikin ba.

Malam_Nura_Zariya:
Mun gode Danladi, wannan amana ce ka riƙe.

Abu_Yasir:
Ni dai ina ganin a bar abin gaba ɗaya, har biskit ɗin. Kek nawa ne a duniya? A yi mata na kwakwa ko na cakulan mana.

Tarihi_Gwani:
Tunda an ambaci Saronno bari in ɗan tsoma baki ta ɓangaren tarihi don abin yana da daɗin ji. Labarin da kamfanin Disaronno ke bayarwa shi ne a shekarar 1525 an ɗauko wani mai zane Bernardino Luini, wanda ya bi salon Leonardo da Vinci, don ya yi zane a bangon wata babbar majami'a a garin, Santuario della Beata Vergine dei Miracoli. Yana neman macen da zai kalla ya zana fuskar Nana Maryam sai ya samu wata matashiyar bazawara mai gidan saukar baƙi, ita kuma don ta gode masa ba ta da abin hannu sai ta jiƙa ƙwayar mishmish a cikin giyar barandi ta ba shi. Wai daga nan abin ya samo asali. To shi Luini mutum ne na gaske, ya rasu 1532, zanensa na nan a bangon har gobe mutane na zuwa kallo, amma maganar bazawarar almara ce irin ta baka, kamfani ne ya riƙe ta don tana jan kasuwa. Abin da ke tabbace shi ne iyalan Reina ne suka mayar da shi sana'a a farkon ƙarni na 20 a shagonsu na Saronno, kamfaninsu ILLVA aka kafa shi 1947, daga baya a shekarun 1960 zuwa 1970 ya shiga Amurka ya yi kasuwa. Da can sunan da ke jikin kwalbar Amaretto di Saronno ne, da masu kwaikwayo suka yi yawa sai suka koma Disaronno kawai.

Shi ma biskit ɗin yana da tasa almarar, wai a farkon ƙarni na 18 wani babban limamin coci daga Milan ya kawo ziyara garin, wani saurayi da budurwarsa suka haɗa masa biskit da ɗan abin da suke da shi, suka naɗe biyu biyu alamar su biyun. Shi ya sa Maman Ilham kika gan su biyu a takarda ɗaya.

Sadiya_Padova:
@Tarihi_Gwani har da wasan takardar! Maƙwabciyata wata tsohuwa ce ta nuna min, in an cinye biskit ɗin sai a miƙe takardar a naɗe ta kamar bututu a tsayar a faranti a kunna mata ashana ta sama, tana ci tana ci in ta kusa ƙarewa sai tokar ta tashi sama fir kamar tsuntsu har kusan silin. Jikokinta suna ta ihu suna tafi. Takardar ce siririya sosai shi ya sa zafin ke ɗaga ta.

Maman_Ilham:
Kai, da na sani da ban zubar da takardun ba, da Ilham ta sha kallo. Amma har yanzu akwai abin da ban gane ba, a bidiyon suna ta cewa giyar almon ce, ku kuma kuna cewa mishmish. Wanne ne? Kuma shi mishmish ɗin menene?

Hausawiya_Kassala:
Salam 'yar uwa. Mishmish mu nan Sudan mun san shi sarai, ɗan itace ne ƙarami ruwan ɗorawa mai laushi da ƙwallo ɗaya a tsakiya. Duk wanda ya yi azumi a Makka ko Masar ya sha kamaruddin, wannan abin da ake sayarwa a shimfiɗe kamar fata a leda a jiƙa shi ya zama abin shan buɗa baki, to da mishmish ake yinsa, mafi kyau daga Sham yake zuwa. In kin fasa ƙwallon akwai ƙwaya a ciki kamar lauz sak, wato almon, sai dai ƙarama kuma da ɗaci. Kakata tana hana mu ci tana cewa tana kashe yara.

Pharm_Kabir:
Kakarki ta yi gaskiya Hajiya, kuma a nan amsar tambayar Maman Ilham take. Almon iri biyu ne, mai daɗi wanda ake sayarwa a manyan kantuna ana ci kamar gyaɗa, da mai ɗaci. Shi mai ɗacin da ƙwayar mishmish da ta wasu 'yan uwansu duk dangi ɗaya ne, suna ɗauke da wani sinadari amigdalin. In aka daka ƙwayar ta haɗu da ruwa sai ya rabe, ɓangare ɗaya ya zama benzaldihayid wanda shi ne wannan ƙamshin da kuke ji a biskit ɗin, ɗaya ɓangaren kuma ya zama sayanayid, guba. Wato ƙamshin da duniya ke kira na almon a gaskiya almon mai daɗi ba shi da shi sosai, ki tauna ki ji. Shi ya sa ake ce mata giyar almon alhali Disaronno da kansu suna cewa babu almon a tasu, man ƙwayar mishmish ne da ƙonannen sukari da ganyayyaki da 'ya'yan itace 17 da suka ɓoye sunansu. Wasu kamfanonin kuma da almon mai ɗacin suke yi.

Mu Hausawa ai mun san irin wannan, rogo mai ɗaci ne misali, dangin gubar ɗaya ce, shi ya sa ba a cinsa ɗanye sai an gurza an matse an bar shi ya kwana biyu an soya kafin ya zama garin kwaki. Su ma masu biskit da masu giyar suna sarrafa ƙwayar ne, ba ɗanya suke ba mutane ba. Abin da nake ja wa kunne shi ne kar wata ta ji wannan bayanin ta je ta sayo ƙwayar mishmish ɗanya tace za ta yi nata a gida, hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta yi gargaɗi a 2016 cewa babba in ya ci fiye da ƙanana uku a zama ɗaya ya wuce ƙa'ida, ƙaramin yaro kuwa ko ɗaya ta yi masa yawa. Kuma akwai masu tallarta a intanet da sunan bitamin B17 wai tana maganin kansa, ƙarya ce, ba bitamin ba ce, mutane sun kwanta asibiti a kanta.

Ummu_Sudais:
To kun ji! Ga giya ga guba. Ni dai Allah ya tsare ni da abincin da ban san kansa ba.

Baban_Brescia:
Haba 'yar uwa, ke ba kya shan garin kwaki? Pharm ai ya yi bayani. Mutanen nan ɗaruruwan shekaru suna cin biskit ɗin nan. Kuma ba da shayi kaɗai ba, girki suke yi da shi. A Mantova da ke kusa da mu akwai wata taliya da ake cusa wa kabewa, tortelli di zucca, sai a gasa kabewar a murƙushe amaretti a ciki da cuku, daren jajibirin Kirsimeti kowane gida ita ake ci. Ranar da wani abokin aikina ya kawo min na ɗanɗana sai da na tuna miyar taushe, kabewa dai kabewa ce ko a ina. Can Piemonte kuma suna raba wani ɗan itace pesca biyu su cire ƙwallon su cika ramin da garin biskit ɗin da koko su gasa, akwai kuma wani bonet kamar kastad mai koko, amma shi wannan yawanci da rum ake yi sai a kula. Kuma ba Saronno kaɗai ke yin amaretti ba, na Saronno ne mai ƙaras-ƙaras, na Sassello da na Mombaruzzo masu laushi ne.

Dan_Damagaram:
Sannunku da hira. Ni nan Zinder ina da ɗan wajen gato, wato kek, da kofi, kuma matsalar Maman Ilham na taɓa shiga irinta da wani baƙo ɗan ƙungiyar agaji da ya nemi kofi mai amaretto. Maganin da na samu shi ne siro. Kamfanin Monin na Faransa suna da siro mai ɗanɗanon amaretto, ruwan sukari ne da ƙamshi ba giya ba, daga Yamai nake sa a kawo min, a Najeriya ma na tabbata manyan kantunan Abuja da Legas ba za a rasa ba. Akwai kuma siro d'orgeat shi ma na almon ne fari kamar madara. Cokali biyu a kwaɓi ya isa amma ki rage sukarin ki don yana da zaƙi ƙwarai.

Tarihi_Gwani:
@Dan_Damagaram orgeat ɗin nan a Italiya orzata suke ce masa, asalin kalmar daga sha'ir take don da shi aka fara yi kafin a koma almon. Kuma ɗan uwansa ne horchata na Valencia a Sifen, wanda ba komai ba ne illa kunun aya.

Dan_Damagaram:
Ai ayar ma wani ɓangare daga wajenmu take tafiya, yankin Maraɗi ana noma ta sosai ana fitarwa. Mu muna sayar da buhu su suna sayar da kofi.

Zongo_Palermo:
Salamu alaikum, ni ɗan Kumasi ne ina Sisiliya shekara takwas. Ku na arewa kuna ta maganar Saronno amma in almon na gaske ake nema nan kudu yake, garin Avola da kewayensa. Nan da zafi abin karin safe shi ne granita ta almon, ƙanƙara ce niƙaƙƙiya da madarar almon da sukari a ci da burodi mai laushi, babu ko ɗigon giya. Akwai latte di mandorla madarar almon a kwali, akwai frutta martorana da ake kwaɓa garin almon da sukari a yi shi siffar lemo ko ɓaure a yi masa kala har sai ka taɓa za ka san ba na gaske ba ne, sunan daga wani gidan mata masu hidimar coci a nan Palermo ya samo, farkon Nuwamba ake cika kasuwa da shi. Kuma ku sani Musulmi sun mulki tsibirin nan, sun shigo 827 suka ci Palermo 831, sai 1091 garinsu na ƙarshe ya faɗi, su suka kawo rake da lemon tsami, shi ya sa kayan zaƙin nan da yawa in ka ci sai ka ji kamar na Larabawa.

Abu_Yasir:
Allahu Akbar, wannan tarihin ya fi min maganar giyar daɗi.

Hafsy_Bakes:
Mu dawo kan kek ɗin dan Allah. Ni ina ganin ba sai an nemi siro ba, flavour ɗin almon da muke saya a ƙananan kwalabe a kasuwa ai shi ne wannan ƙamshin da Pharm ya faɗa. Rabin ƙaramin cokali ya isa kek guda, in ya yi yawa sai ya koma kamar maganin tari. Sai ki ƙona sukari kaɗan ya yi ruwan ƙasa ki zuba ruwa ki ɗiga flavour ɗin ki shafa a saman kek in ya huce, kalar da danshin duk za su fito.

Pharm_Kabir:
Dabara ce mai kyau amma a juya kwalbar a duba. Da yawa daga cikin irin waɗannan a barasa ake narkar da ƙamshin, na banila ma a Amurka doka ce sai ya kai kashi 35 kafin a kira shi na asali. Akwai masu ruwa ko mai ko gilisarin, akwai na gari, su za ki nema.

Ummu_Sudais:
To Malam Nura ya hukuncin banilar da muka shekara muna zubawa a kek da cincin? Kar dai ace duk mun ci haram.

Malam_Nura_Zariya:
Wannan mas'ala ce daban da ta farko 'yar uwa. Ita amaretto an yi ta ne don a sha a yi maye, ita ce giyar da kanta. Shi kuwa ɗigon da aka narkar da ƙamshi a cikinsa wanda ya ɓace a cikin abinci ba launi ba ɗanɗano ba maye ko an ci nawa, malaman wannan zamani sun yi saɓani, akwai masu sauƙaƙawa akwai masu hanawa. Abin da ya wuce cikin rashin sani babu laifi a kanki. Nan gaba in kin samu wanda babu shi ya fi, in kina son natsuwa ki zauna da malamin da kika yarda da shi ki nuna masa kwalbar.

Abu_Yasir:
Malam ni fa har sunan ne bai kwanta min ba. A ce a gidan walimar Musulmi ana raba kek ɗin amaretto, yaro ya ji sunan ya saba da shi, gobe ya gan shi a kwalba ya ɗauka abu ɗaya ne.

Sadiya_Padova:
Wannan kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Ni da zan ba da shawara ta kira shi kek ɗin almon kawai.

Danladi_Jos:
Ƙari ɗaya Maman Ilham, tunda taro za a ba wa, ki sanar akwai almon a ciki in kin zuba garinsa ko kin barbaɗa a sama. Na taɓa ganin baƙuwa da fuskarta ta kumbura numfashi ya gagara saboda shi, sai asibiti muka kai ta da gudu.

Maman_Ilham:
Na gode ƙwarai 'yan uwa, Allah ya bar zumunci. Na kira kwastomar ɗazu na karanta mata abin da Baban Brescia da Pharm suka rubuta, ta yi shiru can tace ita wlh ba ta sani ba, a wajen bikin wata kawai taji ta faɗi sunan. Tace in yi mata da flavour ɗin amma tana so a murƙushe biskit ɗin a sama kamar yadda yake a hoton. Na duba kantuna biyu nan Kaduna babu shi, kuma ƙanin maigidan sai Disamba zai zo. Ana iya yin amaretti ɗin a gida da almon mai daɗi? Farin ƙwai nawa zuwa kofi nawa na sukari?

Sadiya_Padova:
Ana yi sosai, maƙwabciyar nan tawa da garin almon take yin masu laushin. Bari in sauka ƙasa in tambaye ta awon, yanzu naji ta dawo daga kasuwa.

Ummu_Sudais:
In kin samo ki turo mana nan mu ma mu gani. Amma ni dai sai na ga hoton bayan gwangwanin nan da idona tukuna. Baban Brescia kana da shi a gida?